Yadda za ku gina tarihin siyasar tsohon shugaban ƙasar da babu ita a taswira

Cikin labaran da matasan marubutanmu ke turo mini in duba, musamman waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp, da wuya a rasa tsohon shugaban ƙasa. Ko shi ne mahaifin jarumin, ko kakan yarinyar, ko surukin da kowa ke shakka. Ƙasar kuma ƙirƙirarriya ce, wannan kuwa dabara ce mai kyau, don ba wanda zai tare ku a hanya ya ce kun zagi ubansa. Inda gizo ke saƙar shi ne mutumin ba shi da jiya. Yana da jirgi, yana da gida a Dubai, motoci sun cika harabar gidansa, amma in na tambayi marubuciya a wace jam'iyya ya hau, wa ya kayar, me ya sauke shi, sai ta ce mini, "Baba, ai labarin soyayya ne." To ko na soyayya ne, ɗan wanda soja suka kora da ɗan wanda ya miƙa mulki da hannunsa ba tarbiyya ɗaya suka samu ba, ba kuma irin mace ɗaya za su nema ba.

Na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo a nan Kaduna, kuma a rediyo ba a ɓoye ramin labari da kwalliyar falo, mai sauraro murya kawai yake ji. Ga hanyar da nake bi, zan kuma riƙa buga misali da wata ƙasa da na ƙirƙira, Jamhuriyar Sabara, da tsohon shugabanta Malam Haladu, wanda magoya bayansa ke kira Mai Alli.

Ƙasar tukuna

Ku ajiye mutumin a gefe, ku fara da ƙasar. Tambaya ta farko: me take sayarwa ta samu kuɗi? Amsar nan ita ce rabin siyasar kowace ƙasa a yankinmu. Arewa kafin fetur gyaɗa ce da auduga da fatu, shi ya sa hukumar sayen amfanin gona ta zama wurin da kuɗi da iko suka haɗu. Nijar tana da uraniyom na Arlit. Najeriya tun shekarun 1970 fetur ne, kuma da farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shinkafa da madara da sabulu suka koma abin bin layi, takardar izinin shigo da kaya ta zama tukuicin ɗan jam'iyya. Ranar ƙarshe ta 1983 soja suka dawo. Kun ga ke nan, in kun san abin da ƙasarku ke sayarwa, kun san attajirin da ke juya siyasarta, kun kuma san shekarar da talaka zai fara tsaki.

Sabara ba ta da teku. Auduga take sayarwa da shanu, kuma duk buhun da zai fita sai ya bi hanya ɗaya tak zuwa tashar jiragen ruwan maƙwabciyarta. Babban birnin yana kudu a bakin kogi, ma'aikata da 'yan boko can suka taru, amma yawan jama'a yana arewa wajen manoman auduga. Da wannan kaɗai na samu rigimar da za ta ci shekara hamsin, na kuma samu maƙwabcin da in ya rufe iyaka mako biyu gwamnati za ta durƙusa.

Sai dokar zaɓe, wadda marubuta suka fi tsallakewa don suna ganin abin lauyoyi ne. Alhali nan labari yake kwance. A tsarinmu na yanzu ba yawan ƙuri'a kaɗai ke ba mutum shugabanci ba, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 1979 jihohi 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuwa bai kai ba. Sai aka shiga lissafin ko kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 13, ko 12 da biyu bisa uku, har gaban Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar masa da nasara kwanaki kaɗan kafin rantsarwar 1 ga Oktoba. Har ya sauka 'yan hamayya ba su daina yi masa gorin wannan lissafi ba. A Nijar kuwa, kafin juyin mulkin 2023, zagaye biyu ake yi. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai suka mara wa Mahamane Ousmane baya, ya ci a na biyu. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. Zuwa 1995 majalisa ta koma hannun 'yan hamayya, shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadou ba sa ga maciji, a Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kwashe su duka. Dokar da ta ɗora mutum ita ce sau da yawa ke ɗauke da ƙwayar faɗuwarsa. Na ba Sabara zagaye biyu da wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, don ina son shugaban da ya hau da ƙuri'ar aro.

Takardar shekaru

Ku samu takarda guda, ku ja layi a tsakiya. Hagu shekarun ƙasa, dama shekarun mutumin. Aikin minti talatin ne, amma yana hana abin kunya irin na shugaban da ya yi gwagwarmayar neman 'yanci a 1958 kuma aka ce shekarunsa 55 a zamanin Facebook.

Ga ta Malam Haladu. An haife shi a 1940, yana da 20 aka samu 'yanci. Malamin firamare ne, kuma ban zaɓi haka da ka ba: Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Shagari, Diori Hamani na Nijar, Nyerere na Tanzaniya, Kaunda na Zambiya, duk ta aji suka biyo, don a wancan zamani malamin makaranta shi ne ɗan boko ɗaya tilo a gari, shi ke karanta wa kowa wasiƙa. A farin 1973 zuwa 1974 yana hedimasta, aka damƙa masa rajistar rabon hatsin agaji a gundumarsa, ya raba bai ci ƙwaya ba, sunansa ya fita. A shekarun 1980 ya yi kwamishinan ilimi a ƙarƙashin soja, tabon da 'yan hamayya za su riƙa tona masa har abada. Taron ƙasa a 1991, zaɓe a 1992 yana da 52, ya sake ci a 1997, ya nemi tazarce a 2001, soja suka cire shi. Labarina yana faruwa a 2015, yana ɗan 75.

Yanzu ku dubi abin da lissafin ya ba ni kyauta. In jarumina autan Malam ne mai shekara 28 a 2015, to a 1987 aka haife shi. Yana da 5 suka shiga fadar gwamnati, yana da 14 aka fito da su cikin dare. Yaron da ya ga waɗanda ke ɗaukarsa a kafaɗa jiya sun sauya hanya yau, in ya girma ba zai yarda da murmushin kowa da sauƙi ba. Ga dalilin miskilancin da kuke ta liƙa wa jarumanku ba tare da sanadi ba.

Littafin bashi

Nan ne gundarin aikin, nan kuma nake so ku daɗe. Ba wanda ke hawa kujerar shugaban ƙasa da ƙafarsa. Ɗaga shi ake yi, kuma kowane hannu da ya ɗaga shi yana bin sa bashi. Tarihin siyasar mutum, in an tuɓe masa babbar riga, jerin basussukan nan ne: wa ya ba shi me, yaushe ya zo karɓa, me aka biya shi da shi, wa aka hana don a biya wani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka a kowane mataki na takardar shekarunku ku rubuta suna ɗaya a gefe, sunan wanda ya sa aka hau matakin. Kada ku rubuta "jama'a". Jama'a ba sa biyan kuɗin fom, ba sa ba da mota, ba sa kwana a ɗakin otal ana lallashin daliget.

Malam Haladu mutum huɗu ke bin sa. Na farko wani babban dillalin auduga da ya saya masa Peugeot 504 ya kuma cika ta da mai tun daga ranar da ya tsaya takara har ranar zaɓe. Alhajin bai taɓa neman minista ba, ya fi ƙarfin haka. Abin da ya nema shi ne kada a taɓa farashin da ake sayen auduga daga hannun manomi. Wato Malam, wanda manoma suka zaɓa, ya shiga ofis hannunsa ɗaure a kan abu guda da manoman suka zaɓe shi dominsa. Ta biyu shugabar matan jam'iyya, mai tuwo-tuwo ce a tashar mota kafin siyasa, ita ta shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga, ta fito da matan kulle ranar zaɓe. Ita bashinta ƙarami ne a ido, kujerun Makka da aikin gwamnati ga 'ya'yan ƙawayenta, amma ranar da aka hana ta shiga fada don wani sabon jami'in tsaro bai san ta ba, ranar jam'iyya ta rasa unguwa goma. Na uku ɗan kudun da ya zo na uku a zagayen farko ya sayar masa da ƙuri'unsa a kan kujerar firaminista, mutumin da kullum yake ganin shi ya fi cancanta. Na huɗu uwargidansa, wadda ta sayar da awarwaronta na gado lokacin da soja suka sallame shi daga aiki, kuma wadda ya yi wa kishiya 'yar boko wata shida bayan rantsarwa don fada na bukatar mai jin Faransanci.

Ga mutum huɗu, ba mugu ko ɗaya a cikinsu, kuma ba yadda za a yi a biya su duka. Labari ya samu.

In kuna ganin na yi ƙari, ku karanta tarihin Jamhuriya ta Biyu. Shagari ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya yi sakataren majalisa na Firaminista Tafawa Ɓalewa, ya riƙe ma'aikatu daban-daban, ya yi kwamishinan kuɗi na tarayya a zamanin Gowon. Sananne ne cewa kujerar sanata ya so nema, manyan jam'iyyarsa ta NPN suka ga shi ne wanda kowane ɓangare zai iya haƙura da shi, ya yi takarar fid da gwani da irin su Maitama Sule da Adamu Ciroma. Aka haɗa shi da Alex Ekwueme daga gabas don tikitin ya daidaita. Umaru Dikko, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓensa, ya zama ministan sufuri kuma shugaban kwamitin shinkafa, har ƙarfinsa ya kai inda bayan juyin mulki aka yi yunƙurin dawo da shi daga Landan cikin akwati a Yulin 1984. Wane marubuci ne zai iya ƙirƙiro akwatin nan da kansa?

Wata magana a gefe. Muna son karin maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma marubuta na fakewa da ita su wanke shugabansu tas, su jibga laifi a kan wani minista mai jajayen idanu. Ni ban yarda ba. Bafaden nan wani ne ya naɗa shi, ya ji ƙorafi a kansa, ya kuma bar shi. Ku rubuta zaman da aka kawo wa shugaban takardar shaida a kan amininsa, ya karanta, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Wannan shafi ɗaya ya fi babi goma na makircin fadawa.

Me ya yi da mulkin?

Abu biyu sun isa: alheri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, da ɓarna ɗaya da ke da ranar da aka yi ta. "Ya kawo ci gaba" ba aiki ba ne. Malam Haladu ya gina makarantar kwana ta 'yan mata a kowace gunduma, har yau likitocin mata na Sabara 'yan makarantun Mai Alli ake ce musu. Shi ne kuma ya sa hannu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga kasuwar auduga ranar da manoma suka ƙi sayarwa, aka rasa rayuka. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, da alƙalami ɗaya.

Ku kuma tuna shugaba ba ya yin duk abin da ya ga dama. Mu a Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, majalisar jiha kuwa NPN ce ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Duk wanda ya wuce ta gaban Lugard Hall, inda majalisar jiha ke zama, ya wuce ta gaban darasin nan. Ku ba shugabanku majalisar da ke ja da shi, da alƙalin da ba ya sayuwa, da masu ba da bashi na ƙasashen waje da ke cewa sai an karya darajar kuɗi.

Saukarsa

Hanyoyin sauka ba su da yawa: soja, akwatin zaɓe, ƙarewar wa'adi, murabus, ajali. Tunda tsohon shugaba kuke so mai rai, na ƙarshen ya fita. Kowace kuka ɗauka, sharaɗin ɗaya ne, ta fito daga littafin bashin nan, kada ta faɗo daga sama.

In juyin mulki ne, ku lura da abu biyu da tarihi ya yi ta maimaitawa. Na ɗaya, akwai rana tun kafin ranar. Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, sai a jawabin 1 ga Oktoba 1974 ya ce hakan ba zai yiwu ba. Kusan wata goma bayan nan, ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala aka sanar an cire shi. Diori Hamani fari ne da zargin karkatar da hatsin agaji suka share wa Seyni Kountché hanya a Afrilun 1974. Tandja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce, ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka same shi a fada. Na biyu, wanda ke cire ka na kusa ne. Muryar da ta sanar da cire Gowon ta Joe Garba ce, kwamandan rundunar da ke gadinsa. Bazoum ma a Yulin 2023 masu tsaron fadarsa ne suka tsare shi. A Sabara na sa kanar ɗin da ya yi sanarwa ya zama tsohon ɗalibin Malam, yaron da ya biya wa kuɗin jarrabawar shiga makarantar soja daga albashinsa. Da ya shigo falo da bindiga, sai da ya rusuna ya ce, "Malam, a yi haƙuri, a ba mu makullan."

Yadda safiyar take kuwa, ku tambayi duk wanda ya haura hamsin a unguwarku. Rediyo ya ƙi buɗewa da abin da ya saba, sai kiɗan badujala. Sai wata murya da ba a sani ba ta ambaci sunanta da muƙaminta, ta ce an dakatar da tsarin mulki, an rufe iyakoki da filayen jiragen sama, an sa dokar hana fita daga magariba zuwa asuba. Yawanci ba mai sanarwar ne zai hau ba. A 1983 Birgediya Sani Abacha ne ya yi magana, Buhari ya hau. Kada ku manta da abin da ya fi ciwo: mutane sun fito suna murna, har da waɗanda suka yi rawa a gangamin shugaban da aka cire wata uku da suka wuce.

In kuwa a akwati ya faɗi, daren tattara sakamako shi ne babinku. Jonathan ya kira Buhari a waya ranar 31 ga Maris 2015 tun ba a kammala sanarwa ba. Ku yi tunanin ɗakin da shugabanku yake zaune a irin wannan dare, da mutanen da ke ce masa kada ya kira, da dalilin kowannensu, wanda ba don Allah ba ne.

Bayan an sauka

Wannan ne ɓangaren da labarinku zai zauna a ciki, amma shi aka fi yi wa rowar tunani. Tsohon shugaba iri-iri ne. Akwai wanda ya koma gida ya yi shiru, kamar Shagari bayan an sake shi daga tsarewa a 1986, ya rayu har Disambar 2018 ana zuwa gaishe shi a matsayin dattijo. Akwai Gowon da ya koma ɗalibi a jami'ar Warwick a Ingila har ya yi digirin digirgir. Akwai mai dawowa: Obasanjo ya miƙa mulki a 1979, ya koma gonarsa ta Ota, Abacha ya ɗaure shi a 1995, ya fito a 1998, ya ci zaɓe a 1999. Kérékou na Benin ya faɗi zaɓe a 1991 ya dawo ta akwati a 1996. Buhari da aka cire a Agustan 1985 ya yi zamansa a nan Kaduna, ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin 2015.

Amma wanda na fi so ku yi nazari shi ne Ahmadou Ahidjo na Kamaru, mutumin Garwa. Ya yi murabus da kansa a Nuwambar 1982, ya miƙa wa Paul Biya da ya zaɓa da hannunsa, sai dai ya riƙe shugabancin jam'iyya, yana ganin zai ci gaba da juya abubuwa daga bayan labule. Shekara ba ta cika ba suka ɓata. Aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan a 1984, ya rasu a Dakar a 1989, can aka binne shi. Wanda bai iya zama tsohon shugaba ba ke nan, kuma ya fi kowa daɗin rubutawa.

Ku yanke shawara a kan ƙananan abubuwa, su ne ke sa mai karatu ya yarda. Ana biyansa fansho, ko gwamnati mai ci na riƙewa sai ya yi shiru? 'Yan sanda nawa suka rage a ƙofa, kuma gadinsa suke yi ko gadin masu shiga wurinsa? Wa ke zuwa gaisuwar sallah, wa ke aiko yaro, wa ya daina ko aike? A Najeriya tsofaffin shugabanni 'yan Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ne, don haka wanda aka hamɓarar da wanda ya hamɓarar da shi kan zauna a teburi guda. In kun ba ƙasarku irin wannan majalisa, kun samu zaman da ba a bukatar kowa ya ɗaga murya. Malam Haladu ya yi shekara uku a ɗaurin talala, yanzu yana garinsu, yana sauraron labaran rana a ƙaramar rediyo yana gyara wa mai karantawa nahawu. Duk lokacin da zaɓe ya matso, motoci kan dawo ƙofar gidansa, 'yan takara na neman hoto da shi. Ya san abin da ya kawo su, yana kuma jin daɗin zuwan nasu, abin da ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Inda za ku samo ɗanyen kaya

Mu mazauna Kaduna ba mu da uzuri. Gidan Arewa yana nan a Titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wurin da aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello mai ɗakin karatu da kayan tarihi. Akwai kuma reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a cikin gari. Ku nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Ba manyan kanun labarai nake so ku karanta ba. Ku duba shafukan taya murna da 'yan kwangila ke saya, ku ga yadda ake yabon mai mulki, sannan ku buɗe fitowar mako guda bayan an cire shi ku ga sunayen da suka koma taya sabon murna. Ku kwafi salon jawabin gwamnati, don shugaba ba ya magana irin ta saurayi a waya.

Sauran kuma a bakin mutane yake. Ku zauna wajen tsofaffin teloli a Kasuwar Barci, ko majalisar dattawa bayan la'asar a Unguwar Sarki, ko tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da aka rufe, ku jefa sunan kowane tsohon shugaba ku yi shiru. Wani zai ce a zamaninsa ya sayi keke sabo da albashin wata ɗaya, na kusa da shi zai ce a zamanin ne aka ɗaure yayansa ba shari'a. Haka za ku yi wa naku: a bar mai shayi ya yabe shi, direba ya tsine masa, uwargida ta yi shiru in an ambaci shekarar rantsarwa. Ku ba shi laƙabi biyu, na masoya da na maƙiya. Malam Haladu Mai Alli ne a arewa, a kudu kuwa Hedimasta suke ce masa, don wai ƙasar ma aji ya ɗauke ta. Ku rubuta masa baiti biyu na waƙar kamfe da kanku, irin wadda yara ke ci gaba da rerawa bayan an manta da jam'iyyar.

Gargaɗi ɗaya: kada ku ɗauki mutum guda na gaske ku sauya masa suna kawai. Mai karatu zai gane a shafi na biyu, daga nan ya daina karanta labari ya koma duba ko kun yi wa gwaninsa adalci, in kuma kun jingina masa laifin da bai yi ba kun shiga haƙƙinsa da na iyalinsa. Ku ɗauki hawan wannan, faɗuwar wancan, zaman gidan wani daga wata ƙasa, ku ƙara abin da ba na kowa ba.

Daga ƙarshe, duk wannan tarihi da kuka sha wahalar haɗawa, kaɗan ne zai shiga littafin. Kada ku buɗe babi na ɗaya da "Asalin labarin" ku zazzage shekaru hamsin a shafi shida. Ku ajiye takardar shekaru da littafin bashi kusa da ku, ku riƙa ciro abu ɗaya-ɗaya lokacin da labari ya nema. Ranar da autan Malam ya kawo maganar yarinyar da yake so, aka bincika aka gano jikar dillalin audugar nan ce, a nan ne mai karatu ke bukatar jin labarin Peugeot 504, kuma daga bakin uwargida ya kamata ya ji shi.